Harsashin da Babu Albarushi a Cikinsa

Tun da ƙanƙara ta fara narkewa Oddvar Brenden ya gane cewa yana runtse ido kafin ya harba bindiga. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Magnhild. Da wane baki zai faɗa? Ya haura shekara talatin yana farautar elg a kwarinmu, dabbar nan da ta fi doki tsayi, wadda namanta ke cika mana firiza mu yi ta ci har hunturu ya fita, kuma ba a taɓa jin ya raunata wata ta tsere masa ba.

Da tsohuwar bindigar mahaifinsa ya yi duk wannan suna. Siririn harsashi gare ta, ba ta da hayaniya, ba ta dukan kafaɗa, irin wadda kusan kowane gida a nan yake da ita a kabad ɗin ƙarfe. Ni dai a ganina ritaya ce ta ja masa. Mutum ya saba tashi da sassafe yana ture dusar ƙanƙara daga kan titi da babbar mota, rana ɗaya aka ce ya zauna a gida ya huta, sai ya koma karanta mujallun bindiga daga bango zuwa bango. Kafin Magnhild ta ankara ya sayar da kwale-kwalensu na kamun kifi, ya dawo daga birni da wata doguwar bindiga magnum, wadda aka ƙera domin manyan namun dajin da ba su taɓa taka ƙasar nan ba.

"Me elg ɗinmu suka yi maka?" in ji Magnhild, tana kallon abin a kan teburin cin abinci.

"Ba za ki gane ba."

"Na dai gane babu kwale-kwale."

Harsashin kanti kuma ya ce bai isa ba, nasa zai haɗa da hannunsa. Ya share ɗakin ƙasa, ya kafa injin matse harsashi a gefen teburi, ya sayo sikeli mai iya auna ƙwayar gishiri. Duk hunturun nan yana can ƙasa. Ya wanke kwanson harsashi, ya daidaita bakinsa, ya dasa 'yar ƙwayar da ke kunna wuta a gindinsa, ya auna albarushi ya zuba, ya ɗora kan harsashi ya matse. In ya haɗa kaɗan sai ya ƙara albarushi ɗan mitsitsi ya haɗa wasu, ya kwashe su zuwa tsohon ramin tsakuwa da ke bayan gari ya gwada. A ba shi haƙƙinsa, Oddvar ba ya aikin ganganci, kuma harsasan sun yi kyau.

Sai dai a ramin tsakuwar ba a kafaɗarsa yake ɗora bindigar ba. Wani gadon ƙarfe ya haɗa mata, ya danne shi da buhunan yashi, shi kuwa ya zauna a baya ya leƙa madubin saiti ya taɓa kunama da ɗan yatsa. Ƙarfe da yashi ne suke shan dukan. A haka ya samo ma'aunin da bindigar take so, har ramukan harbinsa a takardar gwaji suka taru wuri guda, babban yatsa ya isa ya rufe su. Takardar nan ta zagaya gari. An gan ta a kanti, an gan ta a gidan mai, an ce har a ƙofar coci ya zaro ta bayan wata jana'iza. Bindigogin abokan farautarsa kuwa ya laƙaba musu suna allurar ɗinki, kuma ya faɗa a gabansu ba sau ɗaya ba.

Ranar da ya fara ɗora ta a kafaɗa yana tsaye, shi kaɗai ne a ramin. Ya ja kunama, duniya ta yi fari. Gindin bindigar ya make shi har haƙoransa suka haɗu, bakin madubin ya sare shi a gira, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ya koma gida ya ce murfin bayan mota ne ya faɗo masa. Ya sake komawa, ya sake komawa, yana ta maza, amma jikinsa ya riga ya koyi darasin da bai so ya koya ba. Da zarar yatsansa ya fara matsa kunama sai idanunsa su rufe da kansu, kafaɗarsa ta yi gaba don ta tari dukan. Ƙarar da girgizar suna ɓoye abin, ko mai tsaye a gefe ba zai gani ba. Takarda ce kawai ba ta rufa asiri: harsasan ƙasa suke zuwa, wani lokaci ko allon ba sa samu.

Kowace shekara kafin kaka sai mafarauci ya je filin harbi ya ci gwaji, da irin harsashin da zai yi farauta da shi. Nan Oddvar ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi ba. Ya sauka ɗakin ƙasa ya haɗa wasu harsasai masu laushi, a ido ba ka bambanta su da na gaske, amma dukansu bai fi na tsohuwar bindigar mahaifinsa ba. Da su ya ci gwajin, aka sa masa hannu, aka yi masa barka. Ya tuƙo mota zuwa gida yana jin ƙyamar kansa, amma da ya iso sai ya ce wa Magnhild abin wasan yara ne.

Zai iya ɗauko tsohuwar bindigar, tana nan a kabad. Amma duk kwarin ya san labarin magnum, kuma shi ya yaɗa shi.

Aka shiga farauta da ruwan sama. Ƙungiyarsu ba ta da yawa, kuma sun daɗe tare. Torleif ne shugaba, dattijo mai kurman kunne ɗaya, shi ke raba wa kowa wurin tsayuwa. Akwai Jostein, makanikin gari, wanda in bai zolayi mutum ba abinci ba ya faɗa masa. Sai Sigrun Haugen, ma'aikaciyar jinya, wadda ita ce mai kare. Karen kuwa Rapp, mai launin toka da wutsiya a naɗe, tun yana ɗan kwikwiyo ta raine shi, ta yi shekaru tana yawo da shi a daji kafin ya zama abin da ya zama. Aikinsa ya bi sawun elg, ya sha gabansa, ya yi ta haushi yana rawa a gaban hancinsa har dabbar ta tsaya tana fushi da shi ta manta da komai. Mai kare sai ya lallaɓo ya harba. Sauran mutane suna zaune a wuraren da aka ba su, ko da elg ya ƙi tsayawa ya biyo ta wajensu. In babu Rapp, zaman shan kofi kawai suka zo yi a daji.

Sun samu kusan duk kason elg da hukuma ta ba su, saura namiji ɗaya, kuma gobe ce ranar ƙarshe. Oddvar ya kwashe kwanakin nan a zaune a kan kututture, magnum a cinya, babu abin da ya gitta ta gabansa sai tsuntsaye. A gaban mutane yana ƙorafin rashin sa'a. A ransa kuwa godiya yake yi duk yammacin da aka tashi bai harba ba.

Da safen nan suna tsaye a ƙofar bukkar farauta, kowa da kofinsa, Torleif ya ce, "Oddvar, yau ka bi Sigrun. In Rapp ya tsayar, kai za ka harba. Mu ma mu ji muryar amaryar nan kafin mu mutu."

"Ni dai ku ba ni lokaci in toshe kunne," in ji Jostein. "Kuma a sanar da mutanen ƙetaren dutse su ɗaure shanunsu."

Sigrun ta ɗaga kafaɗa. Ba ƙaramin abu ba ne mai kare ya bar wa wani harbinsa, amma ta san Oddvar tun tana yarinya, tare da mahaifinta ya fara farauta. "Ni ba ni da matsala," ta ce. "Ka dai iya tafiya a hankali, kawu?"

Nan ne wurin da ya kamata ya ce gwiwarsa tana ciwo. Kowa zai yarda, wa ya kai shekarunsa gwiwa ba ta ciwo? Amma Jostein yana kallonsa yana murmushi, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Ke dai ki nuna mini shi." Ya ciro harsasai daga aljihu da safar hannu a hannunsa, ya cusa su a bindiga bai ko duba ba.

Rana ta ɗaga kafin su ji haushin. Daga nesa ya fara, yana tafiya, sannan ya tsaya wuri guda yana maimaita kansa a natse. Sigrun ta ɗaga yatsa ta gwada iska, ta yi masa alama ya bi bayanta. Suka gangara ta cikin kurmi, suna taka gansakuka don kada reshe ya karye, in haushin ya ɗauke su tsaya cak, in ya dawo su ci gaba. Oddvar yana jin gumi yana bin bayansa duk da sanyin. Ya yi ta gaya wa kansa cewa a gaban dabba jiki yakan manta da tsoro, ya karanta haka a mujalla.

A bakin fadama suka same su. Namiji ne babba, baƙi wuluk saboda jiƙewa, yana tsaye a gicciye da kansa a ƙasa, tururi yana fita daga hancinsa. Rapp yana gabansa cikin 'yar rigarsa mai ruwan lemo, yana tsalle hagu da dama. Tazarar ba ta da yawa, wurin da Oddvar na da zai harba ko da hira yake yi.

Sigrun ta matso da bakinta kusa da kunnensa. "Jira kare ya kauce daga ƙirjin."

Ya jingina da wata bishiya, ya ɗora bindiga, ya sa alamar madubin a bayan kafaɗar dabbar. Rapp ya yi tsalle ya dawo ta gefen da suke, ƙasa da elg ɗin, ya bar ƙirjin a fili.

"Yanzu," in ji ta.

Ya matsa kunama. Bindigar ta ce ƙas, ba ta ƙara komai ba.

Babu ƙara, babu duka, babu abin da zai ɓoye shi. Idanunsa a rufe suke gam, haƙoransa a cije, kafaɗarsa ta yi gaba har ya kusa rabuwa da bishiyar. Ya buɗe ido yana nan a yadda yake, fuskarsa manne da bindiga. Babu elg a cikin madubin. Abin da ya cika shi rigar ruwan lemo ce da gashi mai launin toka, alamar saitin tana zaune daidai kan haƙarƙarin Rapp.

Elg ya ji ƙarar ƙarfen. Ya ɗaga kai, ya juya, ya keta fadamar yana watsa ruwa, kare ya bi shi. Haushin ya yi ta nisa har ya ƙetare kogi zuwa dajin wata ƙungiya, inda ba su da ikon harbi.

Oddvar ya sauke bindigar a hankali. Sigrun ba shi take kallo ba tukuna. Ta dubi inda bakin bindigar ya nuna ɗazu, ta bi layin da ido har wurin da karenta ya tsaya, inda sawunsa ke cika da ruwa. Sannan ta juyo. Fuskarta ta yi fari.

"Harsashin ne bai tashi ba," ya ce.

"Na ji."

"Ban san yadda aka yi ba. Ni da kaina na…"

"Kawu, na ce na ji. Kuma na gani."

Ta zaro oba-oba daga ƙirjin rigarta ta kira Torleif. Oddvar ya tsaya yana jiran kalmomin da za su gama da shi, yana jin su tun kafin a faɗe su. Ta ce, "Ya tsaya mana, amma bindigar ta ƙi tashi. Ya ƙetare kogi. Zan je in kamo kare." Ta mayar da oba-oba, ta wuce ba ta ce ya biyo ta ba.

Da ya ja sakatar bindigar, harsashin ya faɗo a tafinsa yana sheƙi. Ya juya shi. Gindinsa rami ne, babu ƙwayar wuta. Nan take ya gane shi. Duk mai haɗa harsashi yakan yi guda ɗaya na banza, babu albarushi babu komai, don ya riƙa auna tsawon sauran da shi. Nasa a gefen injin yake ajiye shi, da jan layi a jikinsa. Ranar jajibirin farauta da yamma, kafin Magnhild ta kira shi cin abinci, ya zube harsasan a teburi ya goge su ɗaya bayan ɗaya da tsumma da man goge ƙarfe, don su yi ƙyalli in ya fito da su a gaban Jostein. Ya goge jan layin tare da sauran, ya zuba duka a aljihu.

Da yamma a bukka, Jostein ya samu abin da ya fi nama daɗi. Ya karɓi harsashin, ya ɗaga shi a hasken taga, ya leƙa ramin gindinsa da ido ɗaya. Ya ɗauko filaya ya zare kan, ya kife kwanson a kan farantin dankali ya bubbuga. Ko ƙura ba ta faɗo ba.

"Jama'a, ku zo ku ga fasaha," ya ce. "Hunturu guda a ɗakin ƙasa, an sayar da kwale-kwale, an hana Magnhild kifi, ashe iska ake aunawa. Oddvar, iskar nan ta gida ce ko daga waje ka yi odarta?"

Aka fashe da dariya, har Torleif da sai an maimaita masa.

"A'a, ku bar shi," in ji wani daga ƙarshen teburi. "Tausayin dabbobi ne ya kama shi da tsufa."

"Ni allurar ɗinkina ko ba komai tana da zare," in ji Jostein.

Oddvar ya yi dariyar tare da su. Ya ma ƙara musu da nasa, ya ce gobe zai sa barkono a maimakon albarushi. Abin da ya fi ba shi kunya daga baya shi ne daɗin da ya ji. Wannan zolayar mai sauƙi ce, za ta bi shi shekara biyu ko uku, a riƙa ba da labarinta a wurin rabon nama, shi ke nan. Mutum ya yi kuskure a teburin aiki, wa bai taɓa yi ba? Ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya tashi ya wanke kwanonin kowa kamar yadda aka saba ɗora wa wanda ya ɓarar da dama.

Sigrun tana zaune a ƙasa kusa da murhu, Rapp ya ɗora kai a cinyarta, tana cire masa ƙaya daga gashi. Ba ta yi dariya ba. Da aka miƙa mata tsiran alade ta gutsura ta ba karen rabi. Sau ɗaya Oddvar ya waiwayo daga wurin wanke-wanke, ya ga hannunta a shimfiɗe a kan haƙarƙarin karen, yana hawa yana sauka da numfashinsa. Ya mayar da kansa ga kwanoni, ya yi ta dirzar tukunyar da ta riga ta fita.

Washegari gari ya waye da sanyi mai kyau, sama tas, iska a kwance. Ranar ƙarshe ce, kuma irin safiyar da kare ke jin ƙanshi daga nesa. Torleif ya shimfiɗa taswira a kan murfin mota. Ya ce elg ɗin jiya ya saba dawowa wannan gefen da dare, an sha ganin sawunsa.

"Yadda muka yi jiya za mu yi," ya ce. "Oddvar ya bi Sigrun. Ba za a ce mun bar mutum da wannan abin kunya har baɗi ba."

"Amma a girgiza kowane harsashi a kunne tukuna," in ji Jostein. "Kawo su nan, ni ne likita."

Oddvar ya miƙa masa, Jostein ya riƙa ɗaga su ɗaya ɗaya yana kaɗawa a kunnensa da fuskar mai gwada ƙwai. Ana cikin dariyar Sigrun ta yi magana daga bayan motarta.

"Yau ba zan saki Rapp ba."

Torleif ya juyo da kunnensa mai ji. "Me kika ce?"

"Ya ji ciwo a ƙafa wajen ƙetare kogi jiya. Ba zan sake shi ba."

Dariyar ta mutu. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Babu kare, babu elg, za a mayar da kason namiji guda ba a taɓa shi ba, kuma kowane gida zai ji a tukunyarsa kafin hunturu ya raba. Amma a nan ba a jayayya da mai kare a kan karensa. Torleif ya fara naɗe taswira. Wani ya yi tsaki a hankali ya zubar da sauran kofinsa a ƙasa.

Rapp kuwa bai san an yi masa ƙarya ba. Yana cikin kejinsa a bayan mota yana juyi, yana kartar ƙofa da ƙafafunsa na gaba duka biyu, yana kukan ɗoki. Jostein ya dube shi, ya dubi Sigrun. Sigrun ba ta iya ƙarya ba, kunnuwanta sun yi ja, ta kafa ido a kan takalminta. Matar da duk kwarin ke kira in yaro ya yi zazzaɓi, ga ta tsaye tana zubar da mutuncinta a gaban mutanen da suka ga lafiyar karen da idonsu, za su kuma koma gida su ce Sigrun ta hana su nama saboda shagwaɓa kare. Ta zaɓi haka a kan ta tona shi, kuma ta zaɓi haka a kan ta sake tsayar da karenta a gaban bindigarsa.

Oddvar ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba.

"Ƙafar karen nan lafiyarta lau," ya ce.

Suka juyo gaba ɗaya.

"Kawu, bar shi," in ji Sigrun.

"Ba zan bari ba." Ya juyo wajen Torleif. "Jiya da harsashin nan ya tashi, da Rapp na harba. Ba elg ba. Ido nake rufewa, Torleif. In na zo jan kunama sai in runtse ido in tura kafaɗa, bakin bindigar ya yi ƙasa. Tsoronta nake ji. Tun da ƙanƙara ta fara narkewa nake haka, kuma na sani. Ita ta gani jiya."

"Ka ce me?" in ji Torleif, kuma wannan karon ba don bai ji ba ne.

"Amma ai ka ci gwaji," in ji wani.

"Da wasu harsasai na ci. Masu laushi na haɗa don ranar."

Oddvar ya dubi Jostein, yana roƙo a ransa ya faɗi wata magana, ko wace iri, ko mai zafi ce, don a mayar da abin wasa. Jostein ya dubi harsasan da ke tafinsa. Ya matso ya zuba su a aljihun rigar Oddvar a hankali, ya ja zif ɗin ya rufe, ya koma wajen motarsa.

Torleif ya daɗe yana kallon taswirar da ya naɗe. Shi ya tsaya wa Oddvar a ranar aurensa, kuma shi zai amsa tambaya da an kashe kare ko mutum a ƙarƙashin shugabancinsa. Ya sake shimfiɗa taswirar.

"Sigrun, ke za ki harba in ya tsaya. Jostein, bakin kogi. Sauran kowa wurinsa na jiya." Ya ɗan tsaya, bai ɗago ba. "Oddvar, cire sakatar bindigar ka ba ni. Ka kula mana da wuta. Maganar gwajin kuma sai mun sauka gari."

Ya zare sakatar ya miƙa, Torleif ya jefa ta a jakarsa tare da burodinsa da cuku. Sigrun ta buɗe keji, Rapp ya diro yana jan igiya. Da za ta wuce ta gabansa ta ɗan rage tafiya kamar za ta yi magana, sai karen ya fizge ta, ta bi shi. Motoci suka tashi ɗaya bayan ɗaya.

Ya shiga bukka ya jingina magnum a lungu, ya fito ya faskara itacen da ba a buƙata, ya hura wuta a waje ya ɗora butar kofi. Ya zauna a kan benci da hannuwansa a kan gwiwa. Ya yi tunanin yadda zai gaya wa Magnhild, ya rasa ta inda zai fara, ya bari.

Can da hantsi ya ji haushin Rapp daga wajen fadama, siriri saboda nisa. Ya yi tafiya, ya yi tafiya, sannan ya tsaya wuri guda. Oddvar ya san abin da ke faruwa kamar yana wurin. Yanzu tana gwada iska, yanzu tana gangarawa, yanzu ta tsaya don haushin ya ɗauke. Ya san lokacin da za ta jingina da bishiya, ya san tana jiran kare ya kauce.

Harbin ya zo guda ɗaya, ɗan ƙarami, bai fi a karya busasshen reshe ba. Tsakaninsa da ita akwai kurmi da tudu da fadama guda, kuma babu komai a hannunsa. Duk da haka sai da ya ji butar kofi tana tafasa tana zuba a wuta, sannan ya gane idanunsa a rufe suke gam, kafaɗarsa ta dama ta yi gaba.